Tama da Kuza da Zinariya: Tarihin Haƙa a Ƙasar Suleja da Maƙwabtanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin hanyar da ta fito daga Suleja ta bi ta Madalla da Zuba ta nufi babban birnin tarayya, tun hazo bai gama sauka daga kan Dutsen Zuma ba, lalle ya ga jerin tifofi suna wucewa, wannan ɗauke da yashi yana ɗigar da ruwa a kan kwalta, wancan ɗauke da tsakuwa har ta yi tozo. Amma da wuya a sami wanda ya tambayi kansa daga ina aka ɗebo wannan kaya, ko kuwa mene ne ya rage a wurin da aka ɗebo shi. Kakanninmu kuwa ba su buƙaci dogon sharhi a kan wannan mas'ala ba, domin kowane tsohon garin Hausa yana da kududdufai a cikinsa, kuma kowane kududdufi shaida ne na wani gini da aka tayar da ƙasarsa, ko soron sarki, ko masallacin Juma'a, ko ganuwa. Sai dai a wancan zamani wanda ya haƙa ramin shi ke kwana kusa da shi, shi ke shan cizon sauronsa da damina, shi kuma ke kama tarwaɗarsa idan ruwa ya ja baya, saboda haka ba ya haƙa sai gwargwadon lalura. Abin da nake nufin bin sawunsa a wannan maƙala shi ne yadda aka yi har mai cin amfanin rami da mai zama a bakinsa suka zama mutum biyu dabam, waɗanda galibi ko sanin juna ba su yi ba.

Haƙa a wannan ƙasa ta girmi garin nesa ba kusa ba. Garin da muke kira Suleja a yau, wanda asalin sunansa Abuja, Abu Ja ne ya kafa shi a shekarar 1828, bayan rasuwar ɗan'uwansa Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda jihadi ya fitar daga Zariya ya zo ya sauka a Zuba. Amma a Taruga, kudu maso gabas da nan, wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya tono murahun narka tama fiye da goma a cikin shekarun 1960, kuma da aka auna gawayin da aka samu tare da su sai ya tabbata cewa an hura wutarsu ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wato mutanen wannan yanki suna fitar da ƙarfe daga dutse shekaru fiye da 2,000 da suka wuce, kuma wurin yana cikin mafi daɗewar wuraren wannan sana'a da aka sani a Afirka ta Yamma.

Aikin tama aiki ne na jama'a, mutum ɗaya ba ya iya shi. Sai an haƙo dutsen an farfasa shi an tsince mai nauyi, a gina murhu da yumɓu a bar masa ƙofofin iska, a jera gawayi da tama hawa-hawa, sa'an nan a kunna wuta a yi ta tsaronta dare da rana har ƙarfen ya taru a ƙasa dunƙule guda, kashinsa ya kwarare gefe. Daga nan ne maƙeri zai karɓa ya yi ta zuga yana duka har ya fitar da fartanya da gatari da bakin kibiya. Ba don wannan ƙarfe ba, da Gwari da Koro ba su noma gindin duwatsun nan ba, da kuma sarakunan Abuja ba su iya tsare garinsu ba har ƙarnin da aka kafa shi ya ƙare ba tare da an ci shi da yaƙi ba. Ba na da'awar cewa wancan zamani ba shi da ɓarna, gama murhu ɗaya yana cin gawayi mai yawan gaske, kuma gawayin ƙirya da ire-irenta na itace mai tauri ake so, wanda ba ya girma a shekara goma. Sai dai gatarin da ya sare itacen da garmar da ta fito daga murhun duk a gari ɗaya suka zauna, hasara da riba suna kallon juna. Sana'ar ta mutu ne a zamanin Turawa, sa'ad da ƙarfen waje da tarkacen jirgin ƙasa da na mota suka cika kasuwa da araha, har maƙeri ya ga ba shi da hujjar jiran mai narka tama.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba hukunci. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan, an bambanta ma'adini, wato abin da Allah ya halitta a cikin ƙasa, da rikazi, wato dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne. An ɗora humusi a kan rikazi, aka kuma ɗora zakka a kan zinariya da azurfar da aka haƙo idan sun kai nisabi, ba tare da jiran shekara ta kewayo ba. Mashahurin zance kuma shi ne cewa al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba da shi ga wanda ya ga dama ya yi aikinsa. Na kawo wannan ne domin adalci, saboda kada wani ya zaci cewa Turawa ne suka fara raba abin da ke cikin ƙasa da mai gonar da ke samanta. Bambancin da ke akwai shi ne, a wurin fuƙaha'u shugaba yana riƙe da ma'adini ne a matsayin amana domin maslahar jama'ar da yake mulka, kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana kansa kamar yadda take kan kowa.

Kuza ma Hausawa sun san shi tun kafin zuwan Nasara. Mutanen Riruwai, a kudancin ƙasar Kano, da 'yan'uwansu da suka ƙaura suka kafa Liruwen Dalma, suna wanke shi daga yashin rafi, su narka, su zuba shi ya daskare sirara kamar tsinke, fatake kuma su ɗauka su kai kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne suka faɗa hannun 'yan kasuwar Kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka yi ta cigiyar asalinsu, har ma'aikatan kamfanin suka hau tsaunukan Filato a farkon ƙarni na 20 da rakiyar soja. Kafin wannan kuwa an riga an ƙulla wani ciniki a Landan wanda babu ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar da ya halarta: sa'ad da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a farkon shekarar 1900, ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. A lokacin da aka sa hannu a wannan takarda Turawa ba su shiga Abuja ba tukuna, sai a 1902, Kano da Sakkwato kuwa sai a 1903. An raba fatar tun kura tana da rai.

Dokokin ma'adinai da suka biyo baya, har zuwa ta 1946, duk a kan wannan tushe aka gina su: abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarkin Ingila ne, gwamna ke ba da izinin nema da na haƙa, manomi kuwa ba shi da komai sai 'yar diyyar amfanin gonar da aka tumɓuke. Masu narka kuza na Liruwe aka yi ta ƙuntata musu har sana'arsu ta mutu. Da farko da ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya zuwa Loko a bakin Binuwai, kafin a shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa Bukuru a 1914. Ba wuya a gane abin da ya kai talaka barikin kuza, domin haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma wanda ba shi da gyaɗa ko auduga da zai sayar ba shi da wata dabara sai ya ɗauki kwano ya yi 'yan makonni yana jidar ƙasa.

Tsanani ya kai matuƙa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Jafan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai ta juyo kan Nijeriya, aka kafa aikin tilas, wanda talakawa suka laƙaba wa suna diban gwamna: a aiko wa En'e da adadi, En'e ta raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci kuma ya nuna gidan da ba shi da mai tsaya masa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi maza kusan 100,000 daga lardunan Arewa, aka kai su tsauni mai sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga matsattsen makwanci, mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka gudu. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Bayan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 sai kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar wa mutanen Filato ɗaruruwan tafkuna masu zurfi da tuddan jar ƙasa da ba ta fitar da hatsi, inda har yau yara da dabbobi ke nutsewa.

Wani abin al'ajabi shi ne, wannan haƙar ce ta bayyana mana magabatan da muka ambata. A 1928 masu wankin kuza a ƙauyen Nok suka tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, a 1943 kuma aka kai wa Fagg wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya ɗora a kan sanda a gonarsa ta doya yana tsorata masu ɓarnar gona da shi. Daga nan aka fara bin sawun al'ummar da ake kira Nok, har aka iso Taruga. Ruwan da ya wanke gonakin jikoki shi ya tono tukwanen kakanni, ya kuma farfasa da yawa daga cikinsu.

Rabon Lardin Neja a zamanin Turawa zinariya ce. An fara lissafin fitar da ita daga Nijeriya a 1913, amma ba ta yi kasuwa ba sai bayan da Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya a 1931, farashi ya tashi. Nan da nan Turawa masu ƙaramin jari suka bazu a rafukan ƙasar Minna da Birnin Gwari da Yawuri da Zamfara, suka tara leburori suna tankaɗe yashi a ƙwarya da kwano. Abin bai daɗe ba, yaƙi ya zo aka karkata hannu zuwa kuza, Turawan suka watse. Abu biyu suka bari: ramukan da ba a cike ba, da kuma sanin inda zinariya take, wanda ya zauna a bakin tsofaffi shekara saba'in yana jiran ranarsa.

A nan ya kamata in ɗan tsaya a kan wata haƙa da garin nan ya ci moriyarta. Matan Gwari sun daɗe suna haƙo yumɓu suna gina tulu da randa da hannu, ba tare da wata na'ura ba, suna yi musu zanen kada da ƙadangare da kifi. Da gwamnati ta ɗauko wani Bature magini, Michael Cardew, ya zaga Arewa yana neman inda zai kafa makarantar ginin tukwane, sai ya zaɓi Abuja a 1951, saboda yumɓu da itace da ruwa, da kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau, wanda a gidansa ya ga tukwanen da suka ƙayatar da shi. A 1954 Ladi Kwali ta shiga wannan makaranta, ita ce mace ta farko, kuma kafin rasuwarta a 1984 an nuna aikinta a Landan da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ga ƙasa an haƙo a nan, an sarrafa ta a nan, an gasa ta a nan, sunan da ta jawo kuma ya zauna a nan. Mai karatu ya duba aljihunsa: hoton Ladi Kwali yana bayan naira 20, Dutsen Zuma yana bayan tsohuwar takardar naira 100, watau yumɓun ƙasar nan da dutsenta suna yawo a hannun kowa, ko da yake ita makarantar an bar ta ta lalace shekara da shekaru.

Sa'an nan babban birni ya zo. A 1976 aka yanke shawarar gina sabuwar hedikwatar tarayya, aka ɗebi babban yanki na filinta daga ƙasar masarautar nan, har sunan ma aka ɗauka, garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu. Birni kuwa, kamar yadda muka faɗa tun farko, da rami ake gina shi, sai dai wannan karon kududdufin ba ya cikin ganuwa. An fasa duwatsu da nakiya, an kwashe yashin rafuka har gaɓa ta riƙa zubewa tana cin gonakin fadama. A unguwar Mpape ta sabon birnin akwai wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa ya zama tafki, 'yan birni suna zuwa ɗaukar hoto a bakinsa. A watan Satumba na 2018 kuma, da ƙasa ta yi motsi a unguwar, sai hukuma ta dakatar da fasa dutse a wurin na wani lokaci. Na sha ganin mata a gefen irin waɗannan wurare, kowace da guduma da 'yar zoben roba da take riƙe dutsen da ita don kada ta daki yatsa, goyo a baya, fari fat da ƙura har gashin ido, tana tara tsakuwa kwano-kwano tana jiran mai tifa ya zo ya yi mata tayin wulaƙanci.

Mafi munin babi shi ne na ƙarshe. Da farashin zinariya ya haura dala 1,000 a kan kowane oza a 2008, sai tsofaffin ramukan nan suka farfaɗo, manoma suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. A waɗansu wurare zinariyar tana cikin dutse ne tare da dalma, kuma hanyar raba su ita ce a farfasa dutsen, a niƙa shi ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar ta tashi. Saboda tsoron ɓarayi, da kuma saboda matan kulle su ma su sami abin sayen sabulu, sai aka riƙa kawo dutsen cikin gida. Ana daka shi a turmin da ake daka gero, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ana shanya shi a tsakar gidan da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗaci, babba yana iya ɗaukar abin da zai kashe yaro bai ji komai ba. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma; yara suna suma suna sanƙarewa, iyaye suna cewa iska ce ko zazzaɓi. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu, ga makanta ga raunin ƙwaƙwalwa.

Da mutum zai ce wannan ya isa izina, amma a 2015 abin ya maimaitu a jiharmu ta Neja, a Shikira da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙaramar hukumar Rafi, inda yara 28 suka rasu. Maganin kuwa ba a ɓoye yake ba, kuma ba ya yiwuwa sai an bi shi daki-daki: a kankare saman ƙasar kowane gida da kowace hanya, a kwashe a binne a wuri mai nisa, a zubo sabuwar ƙasa mai tsabta, bayan haka ne likita zai ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, gama idan an ba shi ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa. Wannan kankara kuɗi take ci, kuɗin kuma sai an jira Abuja. A Bagega ta Zamfara sai a 2013 aka fara, a Shikira kuwa sai da shekara ta kewayo, alhali zinariyar da ta jawo musibar ta riga ta bi hannun dillalai ta fita ƙasar cikin 'yan kwanaki.

Bayan guba sai bindiga. A watan Afrilu na 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙa a Zamfara bisa hujjar cewa tana da alaƙa da ta'addancin 'yan bindiga. A watan Yuni na 2022 aka kai hari wata mahaƙa a ƙaramar hukumar Shiroro, aka kashe sojoji da 'yan sanda, aka sace 'yan ƙasar Sin. A watan Yuni na 2024 kuma rami ya rufta da mutane da dama a Galadima Kogo bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 44, ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinai, kamar dai yadda dokar Turawa ta mallaka wa Sarkin Ingila. Sunan mai riƙo kawai aka sauya. Amma a cikin dokar ma'adinai ta 2007 akwai sharuɗɗa biyu da ya kamata kowane hakimi da dagaci da limami a ƙasar nan ya sani: wajibi ne mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, wajibi ne kuma ya gyara ƙasar bayan ya gama. Saboda haka idan baƙo ya zo da katafila da takarda daga Abuja, a tambaye shi ɗaya takardar tun bai sauke kaya ba. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane a wurin haƙar zinariya, ya gaya masa kada ya shigo da dutsen cikin gida, kuma idan ya taso daga aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.